Idon kare da kwalaben bitamin: amsoshin wasiƙunku

Wani Alhaji daga unguwar Yantala a Yamai ya rubuto cewa karensa na gadi ya kai shekara 9, idanunsa sun fara yin hazo-hazo mai ruwan shuɗi, kuma wani mai tallar magani ya kawo masa kwalbar ƙwayoyi wadda ya ce daga Turai ta zo, tana wanke yanar ido, kuɗinta jaka goma sha biyar. Yana tambaya ko ya saya.

Alhaji, kada ka saya. Babu ƙwaya ko ɗigon ruwa da ke narkar da yanar ido idan ta kafu, ko a mutum ko a kare, tiyata kaɗai ke cire ta. Ban da haka, mai yiwuwa abin da kake gani ba yana ba ne. Yawancin karnuka idan sun wuce shekara 7 tsakiyar ƙwayar idonsu takan taurara ta yi wannan hazo, amma suna ci gaba da gani, kuma ba ya buƙatar magani. Yana ta gaskiya fara ce kamar nono, kuma za ka ga karen yana karo da abubuwa. Idan farin ya zo da sauri, ga yawan shan ruwa da fitsari da rama, to a gwada jininsa, domin ciwon sukari yana makantar da mafi yawan karnukan da ya kama. Likitan dabbobi zai bambance waɗannan da fitila cikin ɗan lokaci kaɗan.

Wannan kwalba ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum ya bar karensa shekara da shekaru a kan ƙanzo da ruwan wankin tukunya, bai taɓa kai shi riga-kafi ba, sai ranar da ido ya canza ya zaro kuɗin da zai ciyar da dabbar wata guda ya miƙa wa mai kwando. Ku dubi yadda ake ajiye waɗannan kaya. Kwalba tana yini a rana a kasuwar Katako ko a bakin titi cikin zafin Afrilu da ke haura digiri 40, alhali man kifi da ake yabo saboda sinadarin omega-3 da ke cikinsa yana lalacewa da zafi, ya yi ɗoyi. Sau da yawa an goge ranar ƙarewar aiki, ko babu lambar kashin da aka sarrafa, ko babu adireshin kamfani. Ko da kayan na gaskiya ne, idan na mutane ne akwai haɗari, domin bitamin A da D suna taruwa a jiki, fitsari ba ya fitar da su, kuma yawansu yana lalata ƙashi da ƙoda. Wasu ƙwayoyin tauna kuma ana zaƙaƙa su da zailitol, wanda ɗan kaɗan ɗinsa yake jefa sukarin jinin kare ƙasa har ya suma. Wanda likita ya rubuta wa karensa man kifi, ya saye shi a kantin maganin dabbobi mai izini, ya duba hatimin murfi, ya ajiye a wuri mai sanyi.

Wata Hajiya daga Wadata ta rubuto cikin damuwa. 'Ya'yanta sun ɗauko ɗan kwikwiyo, ragowar tuwo da miya suke ba shi, tana ganin kamar yana laluben hanya da magariba, kuma tana jin laifin nata ne.

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, kin lura da wuri kuma gyaran ba shi da tsada. Ido yana buƙatar bitamin A don gani cikin duhu, kuma tuwon gero ko masara zalla ba ya wadatar da shi. Ki riƙa sayen 'yar hanta a wurin mahauci ki dafa, amma kada ta wuce kashi 1 cikin 20 na abincinsa, saboda yawanta ma cuta ne. Ki ƙara dafaffen ƙwai sau biyu ko uku a mako, da dafaffiyar kabewa ko karas, domin jikin kare yana iya juya sinadarin da ke cikinsu ya zama bitamin A. Kifi dafaffe da aka cire wa ƙaya yana taimakon idon kwikwiyo mai girma. Miyar gida kuwa ki daina ba shi, albasa da tafarnuwa suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, ko ɗanye ko dafaffe. Ki kai shi a duba shi, musamman idan kin ga kwantsa mai kauri da majina da zazzaɓi, a kuma yi masa allurar riga-kafin haukar kare da ta sauran cututtuka idan yana lafiya.

Wani matashi daga Harobanda yana tambaya ko zai iya sa wa karensa kwalli ko ragowar ɗigon idon kakarsa, saboda ƙurar hunturu ta sa idon ya yi ja. Ɗana, wannan ba tambayar da za a tsaya tunani a kanta ba ce, kada ka sa masa ko ɗaya. Kwalli da yawa yana ɗauke da dalma. Ɗigon mutane kuma, irin mai dekzametazon, idan akwai ƙwarzane a kan idon yana iya zurfafa gyambon har ido ya huje. Ka wanke da ruwan gishirin farmasi mai kashi 0.9 cikin 100. Idan karen yana runtse ido, ko idon ya kumbura, kada ka jinkirta kai shi wurin likita, domin hawan ruwan ido yana kashe gani cikin yini ɗaya ko biyu.

Mai kiwo da ya ce zai yi wa karensa allurar ibamektin ta shanu don kaska, damuwarka tana kan hanya, domin kaska tana sa wa kare cutar da ke zubar da jini cikin ido. Sai dai awon saniya ba na kare ba ne, kuma wuce kima a wannan allura yana kawo makanta da karkarwa. Ka ɗora karen a sikeli, ka bar likita ya zaɓi maganin kaskar da aka yi don karnuka.