Tambayi Mai Garka: furen tumati na zubewa, gindin ƴaƴa na baƙi

Salamu alaikum Baba mai garka, ina wuni ya aiki. Dan Allah ina da tambaya. Ni a unguwar Bilbis nake nan Tawa, na shuka tumati a tsakar gida cikin bido shida da na yanke bakinsu, wajen ƙarshen Fabrairu na dasa su, wlh sun yi kyau ganye shar har maƙwabta na shigowa kallo, amma tunda Afrilu ya kama fure sai ya fito ya yi kwana biyu ya bushe ya faɗi, ko ɗa guda ban gani ba. Na zuba masu takin ure har sau biyu ba canji. Uwar mijina ta ce baki ne ya kama su tunda kowa na tankawa. Mi zan yi?
Wata mai karatu, Bilbis

Wa alaikumus salam ƴata, sannu da ƙoƙari, kuma ki gaida min Inna da kyau. Abin da ya kama tumatinki zafi ne, kuma da a ɗaki kika kulle shi ba wanda ya gani, haka furen zai zube.

Shi tumati kowane fure da kansa yake yi wa kansa barbara, akwai wani gari rawaya a cikinsa wanda sai ya sauka kan kan macen furen sannan ɗa ya ƙullu. To wannan garin ba ya jure zafi ko kaɗan, da rana ta wuce digiri 35 kuma dare ya ƙi yin sanyi sai ya lalace, furen ya tsaya ba abin da ya shige shi, uwar ta yar da shi. Ke kuwa kin san Tawa a Afrilu da Mayu, 40 ma wucewa take, ga katangar siminti da ke shan rana wuni guda ta dinga huro zafi har tsakar dare, ga robar bido na dafa saiwa. Uren da kika ƙara kuma ganye kawai yake turawa, shi ya sa kika ga shar ɗin nan mai daɗin kallo, dan Allah ki dakatar da shi haka nan.

Yanzu abin da za ki iya: ki ja bidon zuwa inda za su samu ranar safe su tsira daga ta azahar, ko ki kafa masu ƴar rumfa da zana ko tsohon gidan sauro. Ki naɗe jikin bidon da buhu, ki rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa, ban ruwa da asuba, in kin ga ƙasar ta bushe ki ƙara da la'asar sakaliya. Da hantsi ki ɗan girgiza itacen a hankali don garin ya sauka. Amma gaskiya zan faɗa miki, ko kin yi duk wannan ƴan kaɗan za ki samu bana, kuma ba na so ki ɗauka hannunki ne ba shi da albarka ki watsar da abin, don wadda ta raya tumati shida har suka kai fure cikin bazarar Adar ta iya aikin.

Lokaci ne ya kuɓuce miki. Dubi kasuwa mana, yaushe tumati ke yin banza har a rasa mai saye? Janairu da Fabrairu, lokacin da na garake ke sauka daga su Dogarawa da Ƙonni da Tabalak, har manoma su yanka su shanya ya zama kauɗa. Su ai tun ƙarshen damana suka yi reno. Ke ma haka za ki yi, ki zuba iri cikin Oktoba a tsohon kwano mai huji a ƙasa, bayan sati uku zuwa huɗu in ya yi ganye huɗu ko biyar ki dasa da marece, guda ɗaya tak a kowane bido, kada ki ji tausayi ki cusa uku. Furensa zai fito tsakiyar ɗari, kuma wata biyu zuwa biyu da rabi bayan dashe in sha Allah kin fara tsinka. In kuma kina son gwada na damana, ki tambayi masu saida iri Mongal ko Icrixina, wannan na biyun a cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai aka zaɓo shi, sun fi Roma haƙuri da zafi, duk da su ma Afrilu na ba su wuya.

*

Baba barka da aiki. Nawa ya yi ƴaƴa sosai amma sai gindin kowane ya yi baƙi ya lotsa tun bai nuna ba, na sayi maganin feshi na fesa sau uku abin sai ƙaruwa yake. Wane magani ya fi ƙarfi?
Wani ɗalibi, Kufan Tawa

Ɗana aje feshin nan, ba ƙwaro ba ne kuma ba cuta ba ce mai yaɗuwa, kuɗinka kawai kake ƙonawa kana kuma zuba guba kan abin da za a sa a miya. Sinadarin kalsiyam ne bai isa gindin ɗan ba, kuma sau da yawa akwai shi a ƙasar, ruwa ne ke ɗauko shi ya kai sama, to in yau ka cika bido har ya yi ambaliya gobe da jibi ka tafi lakwal ka manta ƙasa ta bushe ƙarau, hanyar ta yanke kenan. Na san wani lokaci pampo ne ke ɗaukewa, shi ya sa nake cewa duk mai tumati a gida ya aje bido guda cike saboda su kaɗai. Ruwan alwala da na wankin shinkafa duk suna yi, amma banda na wanki mai omo, gishirinsa na taruwa a ƙasa ya ƙone saiwa. Ka tsinke waɗanda suka yi baƙin ka zubar don ba za su warke ba, ka rufe ƙasar da ciyawa, ka riƙe lokaci guda na ban ruwa kullum, na bayansu za su fito lafiya.

*

Malam ina gaisuwa. Na yi ritaya ina ɗan taɓa shuka a bayan gida. Tambaya biyu: ko zan iya cire iri daga tumatin kasuwa in shuka? Sannan ganyen nawa na yin wani fari-fari kamar an kankare cikinsa, in na ɗaga a rana sai in ga ƴar tsutsa a ciki.
Wani dattijo, Sabon Gari

Ranka ya daɗe Alhaji, Allah ya sa hutun ya yi albarka. Irin kasuwa zai tsiro, sai dai in uwar irin aure ce, wadda ake rubuta F1 a jikin ledarta, ƴaƴan ba za su biyo ta ba, wani ya yi ƙanana wani ya ƙi yi. Roma da Icrixina kam ana aje irinsu, a zaɓi ɗan da ya nuna sosai a itace mai lafiya, a matse cikin kofi ya kwana biyu, a wanke a shanya a inuwa.

Ta biyun ce ta fi damuna. Wannan alama ce ta tsutsar Tuta absoluta, asalinta daga Kudancin Amurka, ta shiga Spain a 2006 ta bazu har ta iso mu, ita ce ta cinye gonakin tumatin Kano da Kaduna a 2016 har tumati ya gagari talaka. Tsakanin fatar ganye take zama shi ya sa feshi ba ya cika samunta, kuma tana saurin sabawa da magani. Amma mai itace goma a bayan gida ya fi mai eka sa'a, don hannu ya isa. Kowace safiya a duba, duk ganyen da ya yi farin nan a tsinke a ƙone ko a binne da zurfi, kada a yar a gindin itacen. Sannan a daka ƴaƴan dogon yaro busassu kamar rabin kilo, a jiƙa cikin lita 10 na ruwa ya kwana, a tace da tsumma, a narka ɗan farin sabulu a ciki, a fesa da marece sama da ƙasan ganye sati-sati. In an gama tsinka a tuge itatuwan duka a ƙone, kuma a wannan wurin kada a maida tumati ko gauta ko tattasai ko dankalin turawa a jere, dangi guda ne, a sa albasa ko salati tukuna.