Amsa ga Hajiya kan yi wa murhun bulo fari

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Hajiya, na saurari saƙonki kuma na duba hoton da kika turo na murhun ɗumama ɗaki da ke falonku a Manchesta, inda kika tambaya wane farin fenti za ki saya ki shafe jan bulon domin ɗakin ya yi haske. A fahimtata, abin da kike so shi ne bulon ya yi fari-fari amma a riƙa ganin zanensa, kamar yadda ake nunawa a hotunan gidaje yanzu, kuma ba fentin gwangwani ba ne zai ba ki wannan. Don Allah ki dakata da sayen fentin tukuna.

Gidajen jeri irin naku yawancinsu an gina su ne kafin 1919, bangonsu bulo ne zalla babu rami a tsakiya, kuma da farar ƙasar magina aka haɗa bulon, ba da siminti ba. Irin wannan bango yana shan danshi yana kuma fitar da shi, to idan aka rufe fuskarsa da fenti mai kauri, danshin sai ya maƙale a ciki, fentin ya kumbura ya fara ɓarewa, wani lokaci har da fuskar bulon. Abin da ya dace da shi farar ƙasa ce, wadda ake ƙona dutse a jiƙa, ana sayar da ita a bokiti kamar kullu a shagunan kayan gyaran tsofaffin gine-gine. Tana shiga jikin bulon, ta haɗu da iska ta sake komawa dutse a hankali, ba ta kuma toshe ƙofofin da danshi ke bi.

Kafin komai, ki yayyafa wa bulon ruwa kaɗan ki tsaya ki gani. Idan ya shanye nan take ya yi duhu, farar ƙasa za ta kama. Idan ruwan ya gangaro ƙasa, to an taɓa shafa masa wani abu mai hana ruwa shiga, kuma sai an cire shi kafin a yi maganar ado.

Sai batun kunkunniya, wanda shi ne mutane suka fi rainawa. Murhun nan ya yi shekaru masu yawa ana ƙona kwal a cikinsa, kafin dokar tsabtace iska ta 1956, wadda aka kafa bayan hayaƙin da ya turnuƙe Landan a 1952 ya hallaka dubban mutane, ta sa aka fara barin kwal a birane. Baƙin da gishirin da hayaƙin ya bari suna nan cikin bulon, kuma idan ba a goge su da buroshi mai tauri da ruwan sabulu ba, za su ɓullo ta cikin farin su bar tabo ruwan ƙasa. Ni har yau ina jin takaicin wani mai fenti da ya riga ni aiki a wani gida, wanda ya lafta wa murhu fentin mai mai ƙyalli a kan kunkunniyar ba tare da ya wanke ba, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Da na je, tabon ya fito layi-layi ta wajen haɗin bulon, fentin kuma ya shige kowane ƙaramin rami, sai da na riƙa ƙwaƙule shi da bakin wuƙa, kuma duk da haka bulon bai koma yadda yake ba. Masu gidan sun biya sau biyu a kan aikin da bai kamata ya wuce na wuni kaɗan ba, shi kuwa ko waya bai sake ɗauka ba.

Wajen shafawa, ki tsinka farar ƙasar da ruwa ta zama kamar madara, ki jiƙa bulon ya yi laima, sannan ki shafa siriri da babban buroshi kina cusa shi cikin haɗin. Lokacin da take ɗanya za ki ga kamar ba ki yi komai ba, sai ta bushe farin yake fitowa, saboda haka kada ki ƙara kauri don gaggawa. Ki bar kwana guda tsakanin shafi da shafi, inda kuma kike son jan ya leƙo ki goge da jiƙaƙƙen tsumma tun ba ta bushe ba. Ki sa tabarau da safar hannu, ki fitar da yara daga ɗakin, domin tana ƙona ido da fata sosai.

Na ce ki jiƙa bulon, amma ina nufin fuskar waje kaɗai, banda cikin ramin da wuta take ci, wanda za ki bar shi yadda yake. Idan kuwa an toshe bututun hayaƙin, ki tabbata an bar masa 'yar kafar iska, in ba haka ba danshi zai taru a ciki ya ɓata miki aikin a hunturun farko. Ban kuma ji kin faɗa ko gidan naku ne ko na haya ba. Idan na haya ne, ki nemi izinin mai gidan a rubuce kafin ki buɗe bokitin, domin suna cire kuɗin gyara daga kuɗin ajiyar da kuka bayar.