Amsa ga mai tambayar farautar akwati a dajin gari

Wallahi 'yar'uwa da na karanta tambayarki sai na ga kamar ni na rubuta ta. Yara sun manne wa waya, maƙwabciya ta ba ki labarin letaboksin, wato wasan bin kwatance a nemo akwatin da wani ya ɓoye da hatimi da littafi a ciki, ke kuma kina tsoron shiga dajin da hukumar gari ta keɓe da hijabinki da 'ya'ya uku. Haka nake shekara huɗu da suka wuce a nan jihar Masachusets ta Amurka.

Ki je, amma ki ji abin da ya same mu. Fitarmu ta biyu ce. Kwatancen ya ce daga katangar duwatsu a yi taku talatin zuwa wata bishiya mai rassa biyu. Muna durƙushe ni da Auta muna ɗaga ganye, sai ga wani dattijo da karensa ya tsaya a kanmu. Wai me muke binnewa? Na nuna masa takardar, ko kallo bai yi ba. Ya ciro waya ya ɗauki hotonmu, ya ce zai kira 'yan sanda. A gaban 'ya'yana! Karen na ta shinshinar zanena, Auta ta ƙanƙame ni tana kuka, ni kuwa Turancin ma ya gudu daga bakina. Mutanen da suka wuce mu a hanya ba wanda ya ce uffan. Har yau in na tuna fuskar mutumin nan sai raina ya ɓaci. Na koma mota hannuna na rawa, na kasa saka makulli. Baban yara da ya ji, cewa ya yi dama ai ya faɗa. Wannan ma ta fi yi mini ciwo.

Wata biyu ban koma ba, babbar 'yata ce ta matsa. Yanzu littafinmu ya kusa cika da hatimi.

Abin da nake yi: ina buga kwatancen daga shafin intanet na Atlas Quest a takarda, na riƙe a hannu kowa ya gani, kuma ni nake fara gaida duk wanda muka haɗu da shi. Kayan ba tsada, ƙaramin littafi ne da tawada da hatiminku. Namu da abin goge fensir muka sassaƙa, hoton rumbu. In kun sami akwatin, ku buga nasu a littafinku, ku buga naku a nasu, ku mayar yadda kuka same shi. Don Allah ki ja wa yara kunne kar su ɗauke hatimin ciki, wani ne ya ɓata dare yana sassaƙa shi. Namu da muka ɓoye an sace, aka bar mana motar wasa.

Af, kaska! Daga Mayu zuwa Yuli ta fi yawa, ƙanana kamar ƙwayar riɗi ko ma ba su kai ba, ita ke kawo cutar Laim. Wando cikin safa, kuna dawowa ki duba bayan kunne da hammata da cikin kitso. Ƙarshen Nuwamba kuma maharba barewa na daji, ku sa riga ruwan lemo.

Dattijon nan da ya tsaya ya saurara da na gaya masa tun 1854 ake abin nan a Dartmoor ta Ingila, ba ni na ƙirƙiro shi ba. In za ku ɓoye naku akwatin, ki fara neman izinin hukumar da ke kula da dajin a ofishin gari. Wane gari kike ne? In kusa ne mu fita tare ranar Asabar, ni zan kawo fanke.