Amsa ga mai tambaya kan ban ruwan inabi

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Naga tambayarka, kace inabinka na gida kullum safe da yamma kake ba shi ruwa, amma ganye sai rawaya yake, 'ya'yan kuma suna tsagewa ga tsami, kana son sanin sau nawa ya kamata a ba shi. To gaskiya ruwan ne yayi masa yawa. Inabi ba alayyahu bane, jijiyarsa ƙasa take nutsawa sosai, in kullum gindinsa na jiƙe sai ta kasa shan iska ta fara ruɓewa, shine kake ganin rawayar nan.

Ni a wajen Zariya nake noma shi, kuma ko manoman garin Kudan na jihar Kaduna da suka yi suna a harkar ka tambaya za su gaya maka ba a sa wa ruwan inabi lokaci ɗaya daga farko har ƙarshe, matakin da yake kai ake bi. Mu nan bayan damina ta ɗauke muke masa aski, wajen watan Oktoba, a datse rassa a zage ganye, daga nan zuwa girbi kusan wata 4 ne ko fiye, ya danganta da iri. Bayan aski sai ka ba shi ruwa mai nauyi ya ratsa ƙasa don ido ya fashe toho ya fito. Da ya fara fure ka ɗan sassauta, kar ka tsuga masa kuma kar ka bari ya bushe ƙayau, dukkansu biyun suna sa furen ya zube ka samu nono, wato curin 'ya'yan, mai giɓi-giɓi.

Inda yake bukatar ruwa da gaske shine daga sanda 'ya'ya suka ɗaura har su cika girma, kuma a lokacin iskar hunturu tana busar da ƙasa da wuri ko da kai kana jin sanyi, nan ne mutane suke yaudaruwa. In ya sha ƙishi a wannan gaɓar 'ya'yan ƙanana za su tsaya, ko tanki guda ka juye masa daga baya ba za su ƙaru ba. Ni babban gindi da ya cika rumfa ina ba shi kamar jarka 2 mai lita 25 duk bayan kwana 2 ko 3 saboda ƙasata jigawa ce, in taka mai laka ce ka ƙara tazara. Amma kar ka riƙe lissafina, ka tona ƙasa kamar tsawon tafin hannu ka dunƙula, in ta dunƙulu ka bar shi, in ta wargaje ka ba shi. Sannan ka riƙa duba ɗan siririn zaren nan da yake kama waya da shi a kan reshe, in yana miƙe lafiya lau, in yayi laushi ya langaɓe tun da safe to ƙishi ne.

Da 'ya'yan sun fara laushi suna canza kala sai ka fara ragewa a hankali, sati ɗaya zuwa biyu kafin girbi ɗan kaɗan kawai, iya wanda zai hana ganye yaushi. Nan zaƙin yake taruwa. In ka cika masa ruwa yanzu ɗan zai kumbura fatar ta tsage, ga salam, ga ƙudaje da zanzaro sun samu wurin zama, wallahi abin takaici ne mutum yayi wahalar wata 4 ya ɓata a sati biyu.

Dan Allah kar ka riƙa watsa tiyo a kan ganye da nono, fumfuna yake kawowa. Ka yi masa gurbi zagaye nesa kaɗan da jikin itacen ka zuba da sassafe, ka rufe da busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa amma ka sa ido kan gara. Da damina kuwa ka ajiye tiyo gaba ɗaya, hanya za ka yi wa ruwa kar ya kwanta a gindin.

Duk wannan na babba ne fa, in dashen bana ne yana son ruwa akai-akai har ya kama. Ka faɗa mana shekarar naka nawa da irin ƙasar gidan.