Tambaya da Amsa: Tangaran ɗina na ƙyalli a hannu, a hoto kuma sai ya mutu

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni mai ginin tangaran ce, kusan shekara shida kenan ina yin irin wanda ake shafa wa ruwan gilashin nan da yake fitar da furanni kamar na ƙanƙara bayan an gasa, wanda muke ce wa kiristal. Yanzu ina da guda talatin da wani abu da nake alfahari da su, inaso in buɗe shafina na intanet in baje su kamar ɗakin nuni, ba Instagram kaɗai ba. Matsalar dai duk hoton da na ɗauka sai ya fito kamar an shafa wa kwano mai, haske fari tas a tsakiya furannin kuma sun ɓace. Sannan ƙanina da ya ce zai haɗa min shafin ya kawo samfuri mai baƙin bango da rubutun zinariya, hotuna na ta wucewa da kansu ga kiɗa na tashi. Ni dai raina bai kwanta ba amma ban san me zan ce masa ba. Ta ina zan fara don Allah?

AMSA

Wa'alaikumus salam Malama. Ranki da bai kwanta ba shi ne daidai, amma kafin mu zo kan ƙanin naki bari mu fara da hoton, domin shafin nuni ai hoto ne zalla, in hoton ya lalace to ko waye ya gina shafin aikin banza ne.

Ga masu karatu da ba su san abin ba bari in ɗan yi bayani, ke ki yi haƙuri kinsan wannan fiye da ni. Furannin nan ba zana su ake yi ba, tsirowa suke yi da kansu a cikin wuta. Ruwan gilashin yana ɗauke da sinadarin zink mai yawa da silika, sai a kai zafin tanderu wajen digiri 1,260 zuwa 1,300 har komai ya narke, sannan a sauko da shi ƙasa kusa da 1,100 a riƙe a nan na awanni, a wannan riƙon ne zink da silikar suke haɗuwa su zama ma'adinin da ake kira wilemait yana buɗewa kamar mafici. Kobalt ke ba da shuɗi, tagulla ta ba da kore, nikel kuma ya yi wannan abin mamakin na shuɗin fure a kan bango mai ruwan zuma. Tun ƙarshen ƙarni na 19 masana'antar Sèvres ta Faransa da Royal Copenhagen ta Denmak suka shahara da shi, a Amurka kuma Adelaide Robineau ta yi suna a kai. Abin da ya sa na kawo duk wannan shi ne ki ga cewa abu biyu kike ɗauka a hoto ɗaya, akwai fuskar gilashi mai santsi da take aiki kamar madubi, akwai kuma allurai ƙanana a ƙarƙashinta da kowacce take kama haske ta nata ɓangaren. Kyamara tana ganin madubin ta manta da allurai, shi ne farin da kike gani.

To maganinsa. Na farko kashe filas, wato fitilar kyamara mai walƙiya, kar ki ƙara kunna shi a gaban tangaran har abada. Madubi yana nuna siffar abin da ya haska shi ne, ƙaramin ƙwan lantarki zai bar ɗigo mai zafi da ke ƙone wurin, babban haske mai laushi kuma zai bar shimfiɗa mai taushi da ake iya ganin abin da ke ƙarƙashinta. Saboda haka ki nemi taga babba wadda rana ba ta shigowa kai tsaye, ko ki rataya farin yadi marar kauri tsakanin fitila da tukunyar, hasken ya zo daga gefe da ɗan sama, a ɗaya gefen ki jingina farin kwali ya mayar da kaɗan ya cike inuwa. Ki kashe sauran fitilun ɗakin domin in hasken taga ya gauraya da na ƙwai mai ruwan ɗorawa launi zai rikice, kuma ke kanki ki sa tufafi masu duhu, wallahi na sha ganin hoton tulu mai kyau da mai ɗaukar hoton tsaye ƙiri-ƙiri a cikinsa da jar riga. Kyamara ko waya ki ɗora ta a kan ƙafar kyamara, ki ja baya ki zuƙo, in kika matso kusa sosai tulun zai kumbura ya canza siffa.

Akwai wani gilashi da ake ɗaura wa a bakin kyamara mai rage ƙyallin madubi, folaraiza, yana taimakawa sosai in kina juya shi a hankali kina kallo. Amma fa kar ki kashe ƙyallin gaba ɗaya, wasu suna yin haka sai tangaran ya fito kamar roba, a bar ɗan layin haske a kafaɗa don ido ya gane abu ne mai sheƙi.

Launi kuma amana ce. Ki samu katin toka na masu hoto ki ɗauki hoto ɗaya da shi a gaban tukunyar don ki daidaita fari da shi, kuma in za ki fitar da hotunan ki fitar da su a tsarin launi na sRGB, shi ne wanda burauza da yawancin allon waya suka fi yarda da shi. Kar ki ƙara wa shuɗin nan gishiri, na san jarabar tana da ƙarfi, amma wanda ya saya yana buɗe kwali ya ga ba shi ba ne kin rasa shi kenan da duk wanda zai gaya wa.

Yanzu nawa ne hoto ga kowace tukunya. Ni a ganina biyar zuwa shida, ɗaya na gaba cikakke, ɗaya na baya tunda furannin ba sa maimaita kansu, biyu na kusa-kusa inda za a ga zoben da ke cikin furen, ɗaya na gindi, ɗaya kuma a hannunki ko kusa da wani abu da kowa ya san girmansa. Hoton gindin nan kar ki raina shi. Ruwan kiristal yana zuba sosai a wuta shi ya sa ake ɗora tukunya a kan ɗan mazauni da faranti a ƙasa, bayan an gasa a cire a goge gindin, kuma duk wanda ya san harkar wurin nan yake fara dubawa don ya ga hannun mai aikin. Sai babban abin, bidiyo. Sakan goma zuwa sha biyar, tukunyar a kan faifai tana juyawa a hankali, hasken a tsaye wuri ɗaya. Wannan kaɗai ne zai nuna yadda furen yake kunnuwa ya mutu ya sake kunnuwa, hoto marar motsi ba zai taɓa yi ba, inda za a ce in zaɓi abu ɗaya a duk shafin to shi zan ɗauka.

To mu dawo kan ƙaninki. Ki gode masa tukunna, sannan ki ce kiɗa a cire, hotuna masu wucewa da kansu a cire, rubutun zinariya shi ma. Kayanki sun riga sun cika ado, shafin da ke ta hayaniya kishiya ce kawai kika yi musu. Baƙin bangon kam ba zan ce haramun ba ne, farar tukunya ko mai ruwan zuma tana tashi a kansa, amma mai shuɗi mai duhu gefenta narkewa yake ya ɓace, kuma dogon rubutu fari a kan baƙi yana gajiyar da wasu. Ni dai toka-toka mai haske ko fari mai ɗan dushewa nake zaɓa, kuma bangon da ke cikin hotunan ya zama iri ɗaya daga na farko har na talatin, tsayin kyamara ɗaya, haske ɗaya, in an jera su sai su zama kamar suna kan kanta guda. Rubutu kuma ya fito sarai, ƙa'idar WCAG ta masu gina shafuka ta ce bambancin hasken rubutu da bango kar ya gaza 4.5 zuwa 1, akwai shafuka kyauta da ake auna wannan.

Tsarin shafin ba ya buƙatar tarkace. Shafin farko hoto ɗaya babba da sunanki da hanyar shiga ɗakin nuni. Ɗakin nunin jerin hotuna ne da sarari a tsakaninsu, biyu a jere a waya, uku ko huɗu a kwamfuta, kar a yanke wuyan tulu don a tilasta shi shiga murabba'i. Sannan kowace tukunya da shafinta na kanta da adireshinta na kanta, wannan ki dage a kai, saboda wanda ya gani ya so ya iya tura wa wani wannan tukunyar kai tsaye. A ciki ki rubuta tsawo da faɗi a santimita, nauyi, irin yumɓun, shekara, sinadarin da ya ba da launin, da layi biyu uku na labarinta da bakinki, misali awa nawa kika riƙe wutar ko ta nawa ce ta tsira a cikin wannan gashin. Ki kuma faɗa a fili in ta ado ce kawai, da yawa daga masu wannan sana'a ba sa ba da shawarar a ci ko a sha a cikin irin wannan ruwan gilashin. Sai shafin yadda ake yi, da shafin tuntuɓa, shikenan.

Nauyi shi ne inda masu kayan ado suke faɗuwa, mutum ya loda hoto mai megabait goma kai tsaye daga kyamara har guda talatin a shafi ɗaya sannan yana mamakin me ya sa ba mai tsayawa. Babban hoto ya tsaya wajen fiksel 2,000 a dogon gefe, na jeri kuma 600 zuwa 800 ya isa, a ajiye su a nau'in fayil ɗin hoto na WebP ko JPEG da aka matse daidai, amma ki duba da idonki domin matsewa in ta yi yawa allurai ƙananan nan ne suke fara dagulewa. Ki ce wa ƙanin naki ya sa hotunan ƙasa su riƙa lodawa sai an gangaro kansu, kuma shafin ya ba waya ƙaramin hoto ya ba babban allo babba, zai gane. Google na ɗaukar shafi a matsayin mai kyau in babban abin da ke cikinsa ya bayyana cikin sakan 2.5, ku gwada a PageSpeed Insights, shafin Google na auna saurin shafuka, ku kuma gwada a tsohuwar waya da netwok mai rauni ba a kwamfutarsa ba. Kuma a bari mutum ya iya buɗe hoto da yatsu biyu ya zuƙo. Kowane hoto a rubuta masa bayanin da manhajar makafi take karantawa, kamar tulu mai siririn wuya da furanni shuɗaye a kan ruwan zuma, Google ma da shi yake gane me ke cikin hoton.

Maganar manhajar da za a gina shafin da ita, WordPress ne ko Squarespace ko Wix ko Shopify, duk za su yi. Tambayar da za ki yi ɗaya ce, in na gasa sabuwar tukunya gobe zan iya ɗora ta da kaina ba tare da na kira kowa ba? In amsar a'a ce a canza. Kuma sunan adireshin shafin a yi rajistarsa da sunanki da imel ɗinki, ba na ƙaninki ba, ba don zai cuce ki ba, yaro ne yau yana nan gobe aiki ya ɗauke shi.

TAMBAYA

Malam ni ma irin wannan sana'ar nake, shafina ya shekara biyu. In tukunya ta fita sai in goge hotonta, yanzu shafin ya zama kamar kango. Kuma ina tunanin manna sunana ƙato a tsakiyar kowane hoto saboda ɓarayin hoto. Ya ka gani?

AMSA

Ɗan'uwa daina gogewa. Kowace tukunyar kiristal ɗaya ce tal a duniya, kai da kanka ba za ka iya sake fitar da irin furenta ba, in ka goge ka goge shaidar aikinka ne, kuma duk wanda ya taɓa tura adireshinta ga wani yanzu zai tarar da shafi babu. Ka buɗe sashe na waɗanda suka tafi, ka sa musu ƙaramar alama cewa an saya, kar dai su gauraya da na sayarwa har mai saye ya yi ta dannawa yana cin karo da babu. Masu son a yi musu aiki ma daga nan suke nuna launin da suke so, kai kuma ka gaya musu tun farko launi za ka iya kusanta, fure kam wuta ce ke yanke hukunci.

Sunan a tsakiyar hoto kuwa ban goyi baya ba, wurin da kake so a kalla shi za ka rufe, ɓarawon da ya ƙudura kuma yanke shi zai yi ko ya goge da manhaja cikin minti ɗaya. Ka sa ƙarami a kusurwa in ranka ya fi kwanciya da haka, ka rubuta sunanka a bayanan cikin fayil ɗin, manyan hotunan asali kuma ka ajiye su a wurinka kwafi biyu a wuri daban-daban, in rigima ta taso su ne hujjarka.