Tambaya da Amsa: Shin injin yankan itace zai riƙe mini gida a Damagaram?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara shida ke nan ina sayar da itacen girki a Zinder, ni da ƙanena muke faskare da gatari. Na tara ɗan jari, kuma na ga wani inji a Facebook wanda yake yanka gungume ya faskara shi a lokaci guda. Shin in nemi irinsa, ko akwai abin da ya fi dacewa da mai son ci da iyalinsa da aikin itace?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya yi wa neman albarka. Shawarata ita ce kada ka sayi wannan babban injin, ko da kuɗinka sun kai. An ƙera shi ne domin ƙasashe irin su Finlan da Kanada, inda itatuwa suke tashi miƙaƙƙu masu kauri ɗaya, kuma ake kawo su tirela bayan tirela. Itacen da ke shigowa garinmu kuwa, sabara ne da geza da kalgo da rassan gawo da na bedi, mafi yawansu sirara ne ko karkatattu masu gaɓoɓi, waɗanda ba su kwanciya daidai a bakin inji. Ga shi yana aiki da matsin mai, kuma ranar da famfonsa ya lalace za ka sha wuya kafin ka samu kayan gyara.

Abin da zai amfane ka shi ne zarton inji na hannu, matsakaici, mai girman inji sisi (cc) 50 zuwa 60 da takobi, wato ƙarfen da sarƙar yanka take zagayawa a kansa, mai tsawon santimita 40 zuwa 50, sannan ka riƙe gatarinka, ka ƙara da babbar guduma da ƙarafan tsaga guda biyu ko uku domin manyan gungumai. Amma kafin ka biya kuɗi, ka fara zagayawa wurin masu gyara ka tambaye su wane iri ne suke da sarƙarsa da fulogonsa da matatar iskarsa, domin zarton da babu kayan gyaransa a kusa kwanciya zai yi. Zartunan kamfanonin Stihl da Husqvarna sanannu ne a duniya, sai dai jabunsu sun yi yawa, don haka araha mai yawa abin tuhuma ce.

Yawancin zartunan da na ga sun mutu, mai ne ya kashe su. Injin ba shi da tankin baƙin mai kamar na mota, ana haɗa masa fetur da mansa na musamman ne, kuma ma'aunin da waɗannan kamfanoni biyu suka ba da shi ne kashi 1 cikin 50, wato mililita 100 a cikin lita 5 ta fetur. Wanda ya auna da ido, ko ya zuba fetur ɗin kwalba mai datti ba tare da tacewa ba, shi ne yake ƙona fistan cikin ƴan makonni. Sarƙa kuma tana da nata man dabam, kada a bar tankinsa ya ƙafe. Sai rairayi da ƙura, waɗanda su ne babbar matsalarmu a nan: rairayin da ya maƙale a ɓawo yana dakushe haƙoran sarƙa nan da nan, don haka a kaɗe itace a ɗora shi a kan wani kafin a yanka, kada takobi ya taɓa ƙasa, a kuma wasa haƙoran da zagayayyen magagari da zarar an ga inji yana fitar da gari maimakon ɓarɓashi. A lokacin hunturu matatar iska kullum take son sharewa.

Ka kula da ranka. Idan kan takobin ya daki wani abu, zarton yana zaburowa baya zuwa fuska cikin ƙiftawar ido, shi ya sa ba a yanka da ƙarshensa, ba a ɗaga shi sama da kafaɗa, ba a kuma riƙe shi da hannu ɗaya. Babbar riga da rawani mai lilo da silifa ba kayan wannan aiki ba ne; ka nemi takalmi mai ƙarfi da tabarau da abin toshe kunne da hular kwano.

Duk wannan mai sauƙi ne idan aka gwada da tambayar da ba ka yi ba: ina za ka samu itacen da zai ciyar da injin? Abin da gatari ke yi a wuni, zarto zai gama shi kafin hantsi, sannan ya zauna yana jiran aiki, kuma a nan ne mutane da dama suke faɗawa cikin sarar da doka ta hana. Nijar tana da dokar daji mai lamba 2004-040 ta shekarar 2004, kuma tun 1992 aka tsara cinikin itace da jigilarsa zuwa birane ta hanyar kasuwannin itace na karkara, inda ake auna shi da tari mai mita 1 a tsawo da faɗi da tsayi, a biya haraji, a karɓi takardar ɗauka. Gawo da kuka da tsamiya da giginya suna cikin itatuwan da aka kare, ba a sare su sai da izini. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a Damagaram, domin har yau dattawa suna ba da labarin tsananin hukuncin da Sarki Tanimu ya ɗora wa mai saran gawo. Gawon da ya cika gonakin Magarya da Matamai da Mirya a yau, manoma ne suka rene shi da hannunsu ta hanyar sassaben zamani, wato barin tohon itace ya girma a gona, tun daga shekarun 1980, kuma ina jin zafi ƙwarai idan na ga an kayar da itacen shekara talatin cikin minti goma saboda kuɗin cefane. Saboda haka ofishin ma'aikatan gandun daji shi ne wurin da za ka fara zuwa, ka gaya musu abin da kake nufi, ka ji sharuɗɗan aiki da zarto, tun kafin ka je kanti.

A ganina, abincinka ya fi yawa a sayar da aikin kansa fiye da sayar da itace kaɗai. Garin nan cike yake da bedi a gidaje da makarantu da masallatai da bakin titi, kuma kafin faɗuwar damina, lokacin da iska mai ƙarfi take karya rassa a kan katangu da rufin kwano, mutane suna neman wanda ya iya rage reshe ba tare da ya kashe itace ko ya rushe gini ba. Mai wannan aiki yana cin riba biyu, ga ladan hannu, ga kuma rassan da sau da yawa ake bar masa. Reshen da ya kusanci wayar lantarki kuwa, kada ka taɓa shi sai ma'aikatan NIGELEC sun yanke wutar.

Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, don haka ka faskara shi tun da ɗanyensa, lokacin da ya fi sauƙin tsagewa, ka jera shi a kan duwatsu saboda gara, ka adana wani kaso zuwa damina sa'ad da busasshe yake wuya. Ka kuma nemi masu saye na kullum, irin su masu gashin burodi da masu tuwon sayarwa da masu suyar ƙosai, domin tun da matatar man fetur ta SORAZ ta fara aiki a 2011 iskar gas take shiga ɗakunan girkin birni a hankali.

Kafin ka saki jarinka, ka ɗauki hayar zarto tare da mai shi na mako biyu ko uku, ka rubuta abin da aka kashe a fetur da mai da sarƙa da amalanke da haraji, ka cire daga abin da ya shigo. Idan ragowar ta fi abin da kai da ƙanenka kuke samu da gatari, to ka saya, ka kuma ware kuɗin sarƙa biyu da takobi ɗaya tun ranar farko.