Uwar Mijina Ta Ce Sai An Cire Wa Jaririyata Angurya

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti. Na haifi 'ya mace, jibi suna. Uwar mijina ta ce wanzami zai cire mata angurya, wai in an bar ta za ta toshe mata gaba, ta ƙi miji in ta girma. Hankalina bai kwanta ba. Yaya zan yi?
Maijego daga Jega

AMSA: Wa alaikumus salam. Barka da sauka lafiya, Allah Ya raya. Ƙanwata, kada ki yarda aska ta taɓa yarinyar nan.

Ɗan naman da tsofaffi ke gani a gaban jaririya, mu masu karɓar haihuwa a nan Birnin Kebbi mun saba ganinsa. Yawanci kumburi ne da sinadaran jikin uwa ke jawowa tun tana ciki, kuma cikin 'yan makonni yake sacewa da kansa. Yankan shi ne cutar. Jinin jariri kaɗan ne, na ga wadda aka kawo mana ta yi fari fat, zanin goyonta ya jiƙe sharkaf. Askar da ba a dafa ba tana sa cutar tetanus mai sandarar da jariri, wurin kuma kan warke da tabon da zai wahalar da ita ranar naƙuda. Yankan gishiri da ake yi wa manya ya ma fi muni, don yakan huda mafitsara ya bar mace da yoyon fitsari.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa angurya da gishiri cikin kaciyar mata. A 2024 hukumar kula da yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ta ce mata sama da miliyan 230 aka yi wa kaciya a duniya, miliyan 144 a Afirka. Kusan ko'ina dalilin bai wuce na surukarki ba: tsoron kada yarinya ta rasa miji, ko ta lalace. In an kawo miki maganar addini, Muftin Masar na wancan lokacin, Shehu Ali Juma'a, ya haramta kaciyar mata a 2007. Najeriya ma ta hana da doka a 2015.

Kada ki yi fito-na-fito da Hajiya, don ƙauna ce ta sa ta. Nuna wa maigidanki wannan amsa yau da dare, shi ya lallashi mahaifiyarsa. Wanzami ya yi askin suna, a ba shi ladansa cif. In hankalin Hajiya bai kwanta ba, ta rako ku asibiti ranar rigakafi, a duba yarinyar a gabanta.